Hular da Ta Kunna Fitila

Kai mai karatu, sau nawa ɓarna ta wuce ta gabanka da rana tsaka ka kau da kai, ka ce ba ruwanka? Irinka ne suka bar Baba Direba ya kwana biyu a bayan kanta, saura wata ɗaya ya yi ritaya.

Ranar Talata aka kwashe katan takwas na maganin yara daga siton asibitin unguwa, a cikin motar asibitin. Mabuɗin motar biyu ne: ɗaya wurin Baba Direba, ɗaya wurin mai kula da sito, wanda ake kira Dogo. Da aka zo kamu, sai aka kama wanda ba shi da ofis.

Sufeton 'yan sanda ya bi layin bayan asibitin. Shago goma sha ɗaya, kowa ya ce bai ga komai ba, sai wata mai ɗinki.

"Na ga motar da azahar, ranka ya daɗe, fitilu tar. Na ɗauka gawa ce, har addu'a na yi."

"Wa ke tuƙi?"

"Ai ido rufe nake addu'a."

Sufeto ya koma wurin tsohon. "Baba, kana kunna fitila da rana?"

"Ɗana, shekara biyu ban taɓa makunnin nan ba, yana kan otomatik. Duhu ya yi ta kunna kanta, gari ya waye ta kashe. Ta fi surukina hankali."

Aka kira bakanike ya tayar da injin, ya nuna wa Sufeto wani ɗan ƙwallo baƙi a kan dashbod, gindin gilashin gaba. "Ga idonta nan. Rufe shi da hannu."

Sufeto ya rufe. Fitilu suka kama.

"Duk abin da ya rufe shi, sai ta ɗauka dare ne. Amma Baba ko biro ba ya yarda a ɗora a nan."

Sufeto ya tarar da Dogo a ofis, da doguwar hula, yana shan iskar fanka.

"Ina kake ranar Talata da azahar?"

"Ina taro."

"Da wa?"

"Da kaina. Nazari nake. Motar nan kuwa, rabona da ita tun bara."

"Shi ke nan. Taimaka ka matsar da ita, ta tare mini hanya, direban kuma yana hannunmu."

Dogo ya shiga, hularsa ta daki rufi. Ya tuɓe ta ya jefa kan dashbod ba tare da ya duba ba, ya murɗa mabuɗi. Fitilu suka haske bango.

Sufeto ya leƙo ta taga. "Malam Dogo, dare ya yi ne?"

Dogo ya dubi bango, ya dubi hula. "Shagon maganin ƙanin matata na kai. Aro ne, wallahi."

"Yaran ma aron zazzaɓi suka yi? Kofur, sa masa ankwa. Hular kuma a riƙe ta da mutunci, ita kaɗai ta ba da shaida."

Aka tafi da shi kai ba hula. Da yamma Baba Direba ya fito, ya fara da goge dashbod.

Ka gama dariya? To, gobe ka je asibitin unguwarku ka tambayi wa ke riƙe da mabuɗi na biyu. Kada ka tashi sai an faɗa maka.