Gwanar Kwaikwayo da Barkonon Kaka

Can a wani gari an yi wata yarinya gwanar kwaikwayo. Da kakarta za ta yi tafiya, sai ta bar mata amanar barkononta na cikin tukunya, shi kaɗai ya rage mata na iri. Ta ce, "Sai ƙasar ta bushe za ki ba shi ruwa."

Ƙawaye suka zo suka ce, "Yi mana Kaka!" Ta ranƙwafa, ta dafa ƙugu, ta maƙe murya: "Sha, ɗan lelena, sha!" Ta tuttula wa barkonon ruwa, aka kwashe da dariya. Da safe a yi Kaka, da yamma a yi Kaka, har ganye ya langaɓe.

Da Kaka ta dawo ta tuge shi, sai ga saiwa ta yi baƙi tana wari. Yarinya ta sunkuyar da kai, ta faɗi gaskiya.

Kaka ta yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, ta barbaɗa toka, ta dasa shi a sabuwar ƙasa mai yashi. Ta miƙa mata buta. "To, ja'ira, yi mini Kakar in gani."

Yarinya ta tsuguna, ta tura yatsa cikin ƙasa, ta ji da damshi, ta ajiye butar.