Damin Da Manzo Ya Yafe

A shekara ta goma sha tara ta sarautar Maigari Maidoki, a wani gari na ƙasar Kurfai arewa da Filinge, bayan an gama yankan gero, wata gwauruwa mai suna Tasalla ta kawo ƙara fada.

Al'adar ƙasar ita ce, duk wanda aka ba aron gona, kowace kaka zai ɗauko dami ɗaya a kansa, ya kai ƙofar mai gona a idon jama'a. Damin nan shi ne shaidar cewa gonar aro ce. Mijin Tasalla, Manzo, ya ba maƙwabcinsa Bawa aron gona a shekarar yunwa. Da Bawa ya kawo damin farko, Manzo ya dubi 'ya'yan Bawa duk sun rame, ya ce ya mayar, kada ya ƙara kawowa. Shekara talatin ba a kai dami ba. Yanzu su biyun sun kwanta dama, kuma Zaidu ɗan Bawa ya nemi takardar mallakar gonar.

Maidoki ya san gaskiya, domin a gabansa aka mayar da damin, tun kafin ya hau sarauta. Amma mai yanke hukunci ba ya zama shaida, sauran waɗanda suka gani kuwa ƙasa ta rufe su.

Ya ce, "Zaidu, mi kac ce?"

"Ranka shi daɗe, nan munka tashi. Ban taɓa ganin baba ya kai ma kowa dami ba."

Zaidu bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ƙona ran Maidoki ke nan. Ya dubi fadawa, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya ba Zaidu gona.

Tasalla ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta ce, "Ranka shi daɗe, ashe da Manzo ya ƙi jin tausai, da ɗiyanai sun samu wurin noma."

An ce har Maidoki ya rasu bai sake bin hanyar gonar nan ba.

Ni dai ban ce ya yi zalunci ba, ƙa'ida ya bi, kuma ƙa'ida ɗaya ce ga kowa. Amma abin baƙin ciki, tun daga ranar babu wanda ya ƙara yafe dami a garin nan. Ko gidan mai aro ya kwana uku ba a ɗora tukunya ba, sai ya ɗauko shi ya kai, mai gona kuma ya karɓa yana kau da kai.