Gonar Baba Kalibu

A tashar motar Gella Jibrilla ya fara ganin Nafisatu, tana kokawar sauke buhun gyaɗa daga bas. Ya matso da saurinsa zai taimaka, buhun ya rinjaye shi, ya zauna daɓas a ƙasa. Dariyar da ta yi ce ta tafi da zuciyarsa.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Tun gudun hijirar da aka yi daga Mubi lokacin rikici, inda yayansa ya fita bai dawo ba, mahaifiyarsa Inna Hansai ta hana shi ɗaga ko tsinke. In ya yi ɓarna ita ke gyarawa, in ya yi faɗa ita ke zuwa ba da haƙuri. Ƙato da gemunsa, bai taɓa riƙe fartanya ba!

Soyayya ta yi nisa. Da damina ta faɗi, Nafisatu ta turo masa saƙo: "Nawa, Baba ya ce a gidanmu mai neman aure sai ya yi wa suruki noma. Don Allah kar ka ba ni kunya."

"Kwantar da hankalinki, Nafi tawa," ya amsa.

Da ya ga faɗin gonar Baba Kalibu, ya san ba zai iya nome ta ba. Ya faki ido ya sayo maganin ciyawa ya feshe ta, bai ko tambayi irinsa ba. Kafin mako, ciyawa da gyaɗa duk sun ƙone ƙurmus.

Inna Hansai ta yi abin da ta saba. Ta loda buhunan gyaɗa a mota ta tafi Gella da kanta.

"Hajiya, mayar da kayanki," in ji Baba Kalibu. "Ba gyaɗa nake nema ba. Ran da 'yata za ta shiga wahala, ke za ki zo ko shi?"

Ta juya da kayanta. Har ta iso gida tana share hawaye da gefen mayafi.

Jibrilla ya tare ta a ƙofa. "Inna, kin gyara?"

"Ban gyara ba, kuma na daina. Ni na cuce ka, ɗana. Tsoron rasa ka ya sa ban bar ka ka girma ba. Kai ka ƙone gonar, kai za ka je."

Ya je. Ya durƙusa ya amsa laifinsa, ya roƙi a bar shi ya shuka wake. Hannunsa ya yi kanta ya fashe. Inna Hansai takan ɗauki mayafi za ta bi shi, sai ta ajiye ta koma ta zauna.

Waken bai yi wani auki ba, gyaɗar bana kuwa ta tafi ke nan. Amma bayan girbi saƙon Nafisatu ya shigo: "Nawa, Baba ya ce ku turo manya."

Ranar da aka kai amarya, Inna Hansai ta kama hannunta.

"'Yata, in ya yi kuskure kar ki rufa masa kamar yadda na yi. In kuma ya gudo wurina, ni zan maido miki shi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Jibrilla ya sunkuyar da kai ya ce, "Amin, Inna."