Taku Biyu Cikin Layin Gas

Ƙarfe goma na safe ne, ruwan sama ya ɗauke amma gari bai gama washewa ba. Mai sintiri yana tafe a kan layin bututun gas, na'urarsa mai shinshinar iska rataye a kafaɗa, takalmansa sun ɗebi taɓo har sun yi nauyi.

Bututun a binne yake. Ya ratsa jihohi har bakin teku, inda ake loda gas ɗin a jirgin ruwa a kai ƙasashen waje. Shi an ba shi daga turken alama na arba'in zuwa na hamsin da biyu. Kullum ya bi su a ƙafa, ya duba ko wani ya yi haƙa, ko gas na tsiyaya, ya rubuta a ɗan littafinsa.

A turke na arba'in da bakwai ya ga wata budurwa tana cire ciyawa a gindin wasu ƙananan bishiyoyin lemo guda uku a bakin gonarsu.

"Sannu da aiki," ya ce.

"Yawwa. Kai ne mai gadin gas ɗin da ba mu taɓa gani ba? Yana wuce mu ta ƙarƙashin ƙafa ya tafi dafa wa wasu abinci, mu hayaƙin itace ya cinye mana ido."

"Ni ma ban taɓa ganinsa ba. Raka shi kawai nake yi."

Ta yi dariya. Ranar har ya isa turke na hamsin bai rubuta komai ba.

Cikin wata biyu ta koma Inuwata a wayarsa, don wurinta kaɗai yake hutawa a duk layin. Ita kuma tana kiransa Ɗan Rakiya.

Amma akwai wani abu da yake yi wanda bai kwanta mata ba. Duk ranar da ya zo, kafin ya gaishe ta, sai ya tsaya a jikin turken ya tako zuwa wajen lemukan, bakinsa na motsi. Sai ya ciro littafi.

Ɗan goggonta, mai shagon waya, wanda ya daɗe yana son ta ba ta kula shi, shi ma ya lura. Bai ɓata lokaci ba ya kai wa Baba, mahaifinta, labari.

"Kawu, wannan ba zance yake zuwa ba, awo yake zuwa. Ka taɓa ganin saurayi da littafi?"

Baba dama da ciwon abin a ransa, don lokacin da aka binne bututun an yanki gefen gonarsa. Ya kira ta.

"Wanda yake ƙirga taku a gonata, gonata yake so. Kar in ƙara ganinsa."

Da yamma ta tura masa saƙo: "Ɗan Rakiya, ka faɗa min tsakani da Allah. Ni kake zuwa gani ko gonar Baba?"

Ya amsa: "Ke, Inuwata. Amma akwai maganar da ban isa in faɗa ba sai na tabbatar. Ki ba ni kwana uku."

Ta karanta sau biyar. Duk karantawa sai ta ji saƙon ya ƙara kama da na mai ɓoye wani abu.

Washegari ta tarar da jan fenti a jikin lemo na uku. Ta tsaya a wurin har ya iso.

"Kai ka shafa?"

"Ni ne."

"Kuma ka rubuta a littafin?"

"Na rubuta. Ba na iya rubuta abin da ba haka yake ba."

"Mama ce ta dasa shi da hannunta, wata biyu kafin ta rasu." Ta dafa lemon. "Ashe gaskiyar Baba ne."

Ta juya. Ya kira ta da sunan da yake kiranta, ba ta waiwayo ba. Kwana biyu wayarsa shiru.

A rana ta uku da hantsi ɗan goggo ya shigo gida yana haki: ga mutuminku can yana haƙe lemon. Baba ya ɗauki sanda, ita ta bi shi a baya.

Suka same shi durƙushe, ya zagaye bishiyar da rami, yana naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu. Ya ajiye fartanya ya gaida Baba, ya miƙa masa wata takarda mai hatimi.

"Baba, doka ta ce taku goma sha biyar daga turke ba a barin bishiya, saiwa tana cin rufin bututu. Biyun sun tsira. Wannan ya shiga da taku biyu. Ranar Asabar masu sara za su zo. Na roƙi ogana ya bar ni in cire shi da hannu in mayar ciki, sai jiya ya sa hannu. Ban so in yi mata alkawarin da ba a hannuna yake ba."

Baba bai karɓi takardar ba. Ya je jikin turken da kansa, ya tako yana ƙirgawa da ƙarfi. A goma sha uku ya ci karo da lemon. Ya koma ya sake. Goma sha uku.

Ya daɗe yana kallon ramin.

"Haka ake haƙa a garinku? Za ka kashe shi. Ba ni fartanyar nan."

Su biyu suka ɗaga shi, suka dasa shi can tsakiyar gona. Baba ya karkaɗe hannu.

"Ban ce na yarda da kai ba. In ya yi sabon ganye, ka turo manyanka. In ya mutu, ka canja hanya."

Cikin mako guda lemon ya zubar da ganyensa kaf. Ɗan goggo yana ta yawo da labari cewa dama dabara ce. Baba kullum sai ya je ya kankare ɓawon da farce ya ga ko da sauran kore. Mai sintiri kuwa in ya zo turke na arba'in da bakwai ba ya iya kallon cikin gonar.

Rana ta ashirin da uku da dashen yana turke na arba'in da ɗaya saƙo ya shigo: "Ɗan Rakiya, ganye huɗu. Na ƙirga sau uku, irin ƙirgarka. Ka yafe min."

Ya zauna a ƙasa cikin taɓo ya rubuta: "Ba ki yi min komai ba, Inuwata. Ki gaishe min da su duka huɗun."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannun ango ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya albarkaci zuri'arsu, ya sa su yi saiwa wuri guda. Sannan ya ƙara da cewa har yanzu bai iya haƙa ba.

Ranar da ango ya koma aiki rana ta buɗe sosai. Da ya iso turke na arba'in da bakwai sai ya ga an nome ciyawar da ta rufe lambar, an ajiye gorar ruwan sanyi a inuwar turken. Can cikin gona Baba yana sunkuye, ya ba hanya baya.

Ya sha, ya mayar da gorar inda take, ya rubuta lambar turken, ya wuce na arba'in da takwas.