Auta da Ɗakin Baba Malam

Ranar Asabar ta farkon hutu abin ya fara. A ranar ne 'yan coci suka fita aikin taimako a unguwa. Mata suna shara, matasa suna yashe kwata suna waƙa.

Auta sai tsalle take yi. Ba a taɓa zuwa da ita ba sai yau.

"Fasto, ni fa? Wane aiki zan yi?"

"Je ki gyara ɗakin Baba Malam," in ji Fasto.

Baba Malam tsohon malamin makaranta ne, idanunsa sun daina gani. A lokacin yana waje ana yi masa aski.

Auta ta shiga da gudu. Kujera a tsakiyar ɗaki? Ta ja ta jikin bango. Gwangwanin sukari da na gishiri ta jera su daga babba zuwa ƙarami. Kwalbar magani kuwa ta ɗora ta can saman kabad.

Fasto ya leƙo. "Kai! Kamar sabon ɗaki! Sannu da aiki!"

Washegari bayan an tashi daga coci, Mama da Auta suka je gaishe da Baba Malam. Suka same shi a bakin ƙofa, ya ɗaure fuska tamau.

"Wa ya birkita mini ɗaki?" ya ce. "Na zo zama, sai ga ni a ƙasa! Na sha shayi da gishiri! Maganina har yanzu ban same shi ba. Kada wani ɗan cocin nan ya ƙara tako mini gida!"

Auta ta matso kusa da shi. Saboda ita za a rufe wa kowa ƙofa?

"Ni ce, Baba," ta ce a hankali. "Gyara na yi."

"Kin tambaye ni?"

"A'a."

"Ɗaga murya! Ban ji ba."

"A'a, Baba! Ka yi haƙuri."

"'Yar nan, hannuna ne idona. In kin ɗauke abu daga wurinsa, kin ɓoye mini shi ke nan."

Auta ta sauko da maganin, ta kawo ruwa ya sha. Sannan ta ce, "Baba, ina kujera take zama?"

Tsoho ya gyara murya kamar yana gaban aji. "Tsakiyar ɗaki! Sukari a dama, gishiri a hagu. Maza!"

Auta tana gudu, shi yana shafawa.

"Damata na ce, ba damarki ba!"

Mama ta fashe da dariya. Har shi ma ya dara. Da komai ya koma wurinsa, ya zauna daram a kujerarsa.

"Kin ci jarrabawa," ya ce. "Me kika koya?"

"Kafin in taimaki mutum, in fara tambayarsa abin da yake so."

"Madalla! Asabar ki dawo da ƙawayenki, tagogi suna son wanki."

Auta ta daka tsalle.

"Amma da saura," in ji Baba Malam, ya juya wajen Mama. "Wanda ya turo ta, har yana cewa sannu da aiki, ina jin sa daga wurin aski. Ki gaya wa Fasto, ranar Lahadi mai zuwa zan zauna a layin gaba. Ya tashi a gaban jama'a duka ya ba ni haƙuri, da babbar murya!"