Ƙwan Fitilar da Lawal Ya Cire

Ana gab da kiran sallar magariba, Dijatu na tuƙa tuwo a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo bisa kwanon rufi. Ƙas. Yaran maƙwabciyarsu Azuba ba su da kunya wajen jifan mangwaro, to amma babu mangwaro a gidan. Can kuma ƙas, abin ya gangaro har gaban murhu. Ta duƙa ta ɗauka. Ba dutse ba ne, wani ɗan ƙwan fitila ne da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma bai fashe ba.

Mijinta Lawal mai gyaran wayar mota ne, rewaya in ji mutanen Lafiya. Da ya dawo daga masallaci ta miƙa masa. Ya ce tarkacen gareji ne, ya cusa a aljihu. Tuwon ranar bai ci na kirki ba.

Ya san ƙwan sarai. A farkon damina Iorfa, wani Bativi mai fataucin lemo, ya kawo masa motarsa 'yar Beljiyam, ya ce jar fitilar iyabag, jakar iskar da ke kumbura ta kare direba a haɗari, ta ƙi mutuwa, kuma ƙararrawar bel ɗin kujera na damunsa ko ya ɗaura. Lawal ya bi aikin yadda aka koya masa. Ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya zare soket mai ruwan ɗorawa, ya goge ya mayar. Fitila na nan. Ya ɗora mita a kan wayar makullin bel, ya danna harshen bel a ciki, allura ba ta motsa ba. Nan ya gane makullin ya cinye, ba ya kamawa har ƙarshe, shi ya sa motar ke kuka. Sabo sai an aika Kaduna, shi kuwa Iorfa yana ta duban agogo. Sai Lawal ya yi abin da rabin garejin garin ke yi, ya kwance dashbod, ya cire ƙwan jar fitilar, ya yanke wayar ƙararrawa, ya ce an gama. Kafin damina ta raba, motar ta daki wata tsamiya a bayan Shabu. Bel ya saki, iyabag bai fito ba, Iorfa kuma bai rayu ba.

Tun daga yammacin jifan nan gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana ta yi ja, kaji su shige akurki tun kafin lokaci, sai a ji ƙin-ƙin-ƙin a hankali daga ɗakin da babu ko rediyo. Sannan abin ya faɗa kan Zulfa, 'yarsu ɗaya tilo, 'yar sakandare mai surutu kamar kanari. Ta daina magana. Sai ta zauna kan benci ta miƙe baya, ta kai hannu kafaɗa ta jawo iska zuwa ƙugu, ta danna, ta sake jawowa, har fatar ƙugunta ta saluɓe. An kai ta asibiti, an ce ba a ga komai ba. Dijatu ta rame ta lalace. Lawal kuwa yana ganin hannun nan yana zuwa yana dawowa, ya fi kowa sanin abin da yake nufi, amma ya ja bakinsa ya yi gum. Tsoro ne da kunya suka riƙe shi, kuma yarinyar ce ke biya.

Dijatu ce ta ɗauko Malam Zakiyyu, wani tsoho marar hayaniya da ke ruƙiyya a cikin gari. Ya zo bayan la'asar, ya zauna ya jira. Da inuwa ta cika tsakar gida, ƙarar ta fara, shi ma ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Zulfa ta sandare, idanunta suka juye, sai wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Malam ya ce, "Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ita ba ta yi komai ba. Tsamiyar bayan Shabu gidana ce. A ƙofata mutumin ya faɗi, ni na zauna da shi kafin mutane su zo. Yana riƙe da bel a hannu yana cewa, ai na ɗaura, ai na ɗaura. Har yau ina jin sa, 'ya'yana sun kasa barci. Mai wannan gidan kuwa yana barci."

Dijatu ta juya ta dubi mijinta. Shi ƙasa yake kallo.

"Fita za ka yi," in ji Malam.

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ko tsinke ba za a ba ka ba." Ya ɗora karatu, muryar ta yi ƙara har kwanon rufi ya amsa.

"To tsaya! Mai gidan nan ya faɗa da bakinsa, a nan, sannan ya je ya faɗa wa matar mamacin. Kullum ce wa mutane take yi mijinta ya kashe kansa da taurin kai, bai ɗaura bel ba. Ta ƙi yafe masa."

Malam Zakiyyu ya juya ga Lawal. Sannan ya ce, "Lawal, aljani maƙaryaci ne, ba a yanke hukunci da maganarsa. Kai nake tambaya. Akwai haƙƙin wani a kanka?"

Lawal ya durƙushe. Ya faɗi komai, tun daga allurar mita har zuwa ƙwan, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Dijatu ta janye ƙafarta daga kusa da shi.

"Zai je," Malam ya ce wa muryar, "amma don Allah zai je, ba don kai ba. Fita."

Zulfa ta yi atishawa mai ƙarfi, ƙaramin yatsan ƙafarta ya karkaɗa, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido, ruwa ta nema.

Washegari da hantsi Lawal ya hau acaɓa zuwa gidan marigayin. Ya tarar da matar, Ngunan, tana shanya rogo. Tana ganinsa ta saki fara'a, ta jawo masa kujera.

"Oga Lawal, sannu da zuwa! Maigida na kullum yana ce, duk Lafiya kai kaɗai ne ba ya cuta mutum. Da shi ya ji magana ya sa bel, da yanzu yana nan ku gaisa."

Lawal bai iya hawa kujerar ba. Ya zauna a ƙasa, gefen rogon.

"Madam," ya ce, "ya ɗaura."