Dutse Ɗaya a Bangon Ɗakin Sirdi

Rana ta kusa faɗuwa a garin Broken Hill, Noeleen tana juya naman rago a kasko, mijinta Lyall yana baranda da kofin shayi, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Suka ɗaga kai suka dubi rufin. Na biyu ya biyo baya. Lyall ya zagaya gidan bai ga kowa ba. Dutsen da ya tsinta ja ne, da tsohuwar ƙasar gini a jikinsa, irin na bangon ɗakin sirdi.

Kakansa, mai jan raƙuma, shi ya gina ɗakin a bayan gida. Mahaifin Lyall kuwa ya sa hannu a takardar gwamnati, gidan ya shiga cikin kayan tarihi: ba a rushewa, ba a huda bango, ko taga ba a sauyawa sai da izini. Shekara uku ke nan Lyall yana neman a cire wannan sharaɗi, don ɗakin ya tsage. Takardarsa tana ta yawo daga ofis zuwa ofis, tana jiran sa hannun minista. Ya so sayar da gidan, amma masu saye da sun ji sharaɗin sai su juya.

Kullum da magariba sai an yi jifan. Daga baya aka fara jin murya can ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin raƙumi ya durƙusa. Ran nan suka tarar da 'yarsu Tahlia zaune gaban bangon, tana ƙwaƙular ƙasar ginin da farce har jini.

"Lyall, ɗauko mota. Ba za mu sake kwana a nan ba," in ji Noeleen.

Suna kai yarinyar bakin ƙofar gida numfashinta ya ɗauke. Suka maido ta ciki, ya dawo. Sau uku suna gwadawa. Likita ya zo har gida, bai ga komai ba.

A mako na shida Hajji Kurban ya iso daga Adelaide, tsohon malami ne da ya san dangin. Ya zauna gaban Tahlia yana karatu a hankali, har hasken taga ya yi ja. Sai ta ɗago kai, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Daina ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"A cikin sirdin kakan mai gidan nan na ƙetaro teku. Mai raƙuman ya toshe ni a bangon nan, ya ce zai mai da ni gida. Ya mutu bai mai da ni ba. Ku rushe shi."

Lyall ya ce, "Gwamnati ta hana."

"Ina gwamnatin? Ta shigo mu yi magana."

"Saki yarinyar tukuna," in ji Hajji.

"Bangon duka."

"Dutse ɗaya. Ai ta kafar allura ma irinku ke wucewa."

Hajji ya ci gaba da karatu. Can muryar ta ce, "To, daga bangon yamma. Kuma jikansa ne zai cire da hannunsa."

Lyall ya san hukuncin taɓa bangon. Ya ɗauko guduma da kurfi, ya zare dutse ɗaya. Iska mai warin raƙumi ta fito ta wuce ta gefen fuskarsa. Tahlia ta yi atishawa, ta dubi yatsunta, ta fashe da kuka. "Mama, me ya sami hannuna?"

Jifa ya tsaya. Bayan wata biyu wata jami'ar kayan tarihi ta zo da fara'arta.

"Albishirinka, an sauƙaƙa tsarin. Ba sai minista ba yanzu, ofishinmu zai sa hannu cikin mako shida." Sai idonta ya kai kan ramin. "Amma fa sai ginin ya koma yadda yake a hotonmu. Mai da dutsen, mu fara."

Lyall ya kira Hajji a waya. "Idan na mai da dutsen fa?"

"Ɗana, na ji fitarsa. Ban sani ba ko yakan dawo. Wanda ya daɗe a wuri, da wuya ya san wani wurin. In ka toshe yana ciki, ba zai sake yarda da ni ba."

Da yamma Lyall ya kwaɓa ƙasa, ya ɗauko dutsen, ya durƙusa ya kara kunnensa a ramin. Noeleen da Tahlia suna tsaye a bayansa. Ya daɗe a haka yana saurare, har ƙasar ta bushe a cikin bokiti.